Insha'i Tarbiyyar Tunani Ce

'Ya'yana ɗalibai, na tsufa ina duba takardun insha'i a makarantun Abuja. Abin da na lura da shi shi ne, yaron da alƙalaminsa ya cije, galibi bai tsai da abin da yake son faɗi ba ne.

Insha'in bayani aikinsa fahimtarwa. Idan aka ce ka bayyana yadda ruwa ke isowa famfon gidanku, ajiye ra'ayinka gefe. Fara daga madatsar Usuma ta wajen Ushafa, ka bi ruwan zuwa matata, zuwa manyan tankuna, zuwa bututu, kowane mataki da sakin layinsa.

Insha'in muhawara kuwa sai ka ɗauki ɓangare, ka kare shi da hujja. Garin nan namu ma da hujja aka kafa shi. A 1975 Janar Murtala Muhammad ya naɗa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, don ya duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birni. Kwamitin ya kawo dalilansa na barin Legas: cunkoso, ƙarancin fili, zaman Legas hedikwatar jiha da ta tarayya lokaci guda, da buƙatar wuri a tsakiyar ƙasa wanda ba ya hannun ɗaya daga cikin manyan ƙabilun nan uku. A watan Fabrairun 1976 aka yi dokar kafa sabon babban birni, gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991.

To, da za a ba ka wannan batu kana goyon bayan ƙaurar, kada ka ɓoye ɗimbin kuɗin da aka kashe, ko Gbagyi da sauran 'yan asalin yankin da aka raba da gonakin kakanninsu. Kawo hujjar abokin hamayya da cikakken ƙarfinta, sannan ka amsa ta. Wanda ya kasa faɗin dalilin abokin gardamarsa, bai gama sanin nasa ba.

A jarrabawar Turanci ta WAEC kalmomi kamar 450 ake nema, a duba ƙunshiya, tsari, salo da ƙa'idojin rubutu. Ku nemi makin, amma ku sani amfanin ya wuce zauren jarrabawa. Gobe za a kira ku sulhun ma'aurata ko rikicin gona. Mutumin da ya saba jin ɓangare biyu tun yana aji, shi jama'a ke amincewa da maganarsa.