Daɓe Mai Ruwan Toka

A aikina na rubuta manhaja, ruwan toka ba ya ba ni wahala: ja, kore da shuɗi, kowanne 128, shi ke nan. A katakon daɓe kuwa toka iri-iri ce. Akwai mai karkata zuwa shuɗi, akwai mai ɗan ja-ja, kuma kowacce tana sauya fuska gwargwadon ƙwan lantarkin da ke samanta. Farin ƙwai na 6500K sai ya mai da falo kamar ɗakin jira na asibiti. Shi ya sa da na tashi shimfiɗa daɓen gidana a Kano, ban dogara da hotunan Instagram ba. Na karɓo guntaye uku wajen mai kaya, na ajiye su a falo mako biyu.

Hunturu ake yi, don haka ƙura ce ta fara yanke hukunci. Mai duhu, kafin la'asar sai ka rubuta sunanka a kansa da yatsa. Mai haske ya ɓoye ƙurar hazo, amma ya tona jar ƙasar da yara ke kwasowa daga waje. Na tsakiya, mai zanen jijiyar itace, shi ya haɗiye duka biyun.

Zaɓen jikin katakon ya fi na launi wuya. Zallan katako yana shan laimar Agusta ya kumbura, a Janairu ya bushe ya tsuke, ga kuma gara. Laminet ya fi araha, sai dai cikinsa matsattsen garin katako ne, mu kuwa da bokiti muke goge-goge, ruwa na shiga gaɓa ya tashi kamar burodi. Na tsaya a kan mai hawa-hawa: fatar itacen oak ta gaske a sama, filawud a ƙasa da aka giccinya don kada ya karkace. Na sa aka yi feshin maganin gara, aka bar tazarar milimita 10 a gindin bango domin katakon ya samu wurin motsi. Kicin da bakin banɗaki, inda buta ke yawo, tayil aka sa.

Saura Hajiya, wadda za ta zauna tare da mu. Ita ba ruwanta da kujera. A ƙasa take cin abinci, a nan take lazimi. Da ta ga guntun sai ta ce, "Abba, wannan ai kalar siminti ce. Abin da muka yi ta rufewa da leda shi za ka saya da tsada?" Ban da amsa, domin gaskiya ta faɗa.

Washegari da asuba ta taka shi ba takalmi, ta taka tayil ɗin gefe, ta ce aƙalla wannan ba ya sa wa ƙafa sanyi. Ta yarda a sa a falo. Ɗakinta dai ta ce ruwan ƙasa take so, kuma shi aka shimfiɗa mata.