Kafin Ka Sayi Tsohuwar Mota, Tambayi Bakaniken Garinku

Aikin jarida ya sha kai ni Kafanchan da Zonkwa da Kwoi, kuma duk inda na sauka ba na rasa malamin makaranta ko manomin citta da ya tara ɗan abin hannunsa yana son ƙaramar mota 'yar hannu. Amsata gare su ɗaya ce: motar kirki ita ce wadda bakaniken garinku ya san cikinta.

Dalilin da ya sa Peugeot 504 ta yi suna ke nan. Tun da aka buɗe masana'antarta a Kaduna cikin 1975, kayan gyaranta suka wadata, kanikawa suka laƙance ta. Yau kuwa Toyota Corolla ce ta gaji wannan matsayi, musamman ƙirar 2003 zuwa 2008. Injinta da sarƙa yake aiki, ba da bel ba, ga ta da ƙarancin shan mai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tun bayan janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023.

Amma fa suna ba ya tuƙa mota. Je ka da bakanikenka, kada ka dogara da na dillali. Ku isa da sassafe, a tayar da injin yana sanyi. In hayaƙi shuɗi ya fito daga salansa, to, tana shan baƙin mai. A leƙa ƙarƙashinta, gama motocin Kwatano da yawa sun fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa ta ci su. Kada lambar mita ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya; sitiyari da fedar birki sun fi ta faɗin gaskiya.

Sa'an nan a ɗauki mutum huɗu, a bi ta Kagoro da Manchok a nufi Jos. Hawan nan zai tona asirin giya da lagireto. Daga ƙarshe, a gwada lambar shasi da ta takardun kwastan, harafi da harafi.

In mai mota ya ƙi ɗaya daga cikin waɗannan, mai karatu, riƙe kuɗinka. Guminka ne na shekaru, kuma sayen nagari mai da kuɗi gida.