Dillalin Shanu Da Hasken Leza

A Kasuwar Shanu ta Maiduguri akwai wani dattijon dillali wanda ya sayar da bijimansa uku saboda jinyar uwargidansa. Ciwon daji ne ya kama ta a wuya. An yi mata gashi a asibiti, ƙari ya motse, amma maƙogwaro ya ƙone, miyau ya ƙafe, har tuwo ya gagare ta sai kunu.

Ɗansa, malamin kimiyya, shi ya ba shi labarin wani gashi da ake yi da ƙwayoyin zarra masu suna furoton. Hasken gashin da aka saba ratsa jiki yake yi ya wuce. Su kuwa furoton shiga suke yi su tsaya cak a kan ƙarin, su bar naman da ke bayansa lafiya. Sai dai na'urar harba su gini guda ce, kuɗinta kuwa ba a magana.

Don a rage girmanta ne masana suka juya ga leza. Akan dunƙule haske mai tsananin ƙarfi a dalla wa fallen ƙarfe wanda bai kai kaurin gashin kai ba, nan take furoton su yi tsartuwa ta bayansa. A 2000 masanan Livermore ta Amurka suka ba da rahoton ƙarfin miliyan 58 bisa ma'aunin elektaron-bolt. A 2024 na Dresden ta Jamus suka kai miliyan 150, alhali ƙari mai zurfi yakan bukaci fiye da miliyan 200.

Dattijo ya yi jim, sa'an nan ya ce, "Yaro, sau nawa take harbawa?"

To, nan fa gizo ke saƙa. Kowane harbi cinye fallen yake yi, manyan na'urorin farko kuma sai sun daɗe suna hucewa, majinyaci kuwa harbi barkatai yake bukata, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Shi ya sa ake gwada falle mai juyawa kamar zaren kaset, da siririn ruwa mai sabunta kansa, domin a harba sau da yawa cikin daƙiƙa guda. A 2022 Dresden ta bayyana gashin ƙari a jikin ɓeraye. Ba a kai ga ɗan Adam ba tukuna.

"Ashe har yanzu bindigar toka ce," in ji dattijo, "a harba, a zauna ɗuri."

"Haka ne, Baba."

Ya zaro kuɗi ya ce a sayo mata madara, ya saɓa sandarsa ya nufi wata mota da ke sauke shanun Chadi.