Littafin da Ba a Saya da Kuɗi

Malamin da ke koyar da nahawun Hausa a jami'a, a Yamai ko a Damagaram, ya san wata matsala da ba a rubuta ta cikin manhaja ba: ɗalibai sun yi yawa, littattafai sun yi kaɗan. Kwafi guda ne a ɗakin karatu, sai a yi ta kai shi wurin mai fotokofi, a kwafa daga kwafe, har tawada ta dushe, ƙugiyar haruffa ta ɓace, ɗalibi ya kasa bambance "kafa" da "ƙafa".

Irin wannan ƙarancin ne buɗaɗɗun kayan koyarwa suka zo magancewa. A 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta sanar da cewa za ta zuba darussanta a intanet kyauta. A 2002, a wani taron UNESCO a birnin Paris, aka raɗa wa irin waɗannan kaya suna, sannan a 2019 ƙasashen hukumar suka amince da shawarar ƙarfafa amfani da su. Abin nufi shi ne littafi ko darasi ko faifan murya da mai shi ya ba kowa izinin ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya rarraba, ba tare da biyan ko dala ba.

Amfanin a fili yake. Tun ranar farko ta zangon karatu kowane ɗalibi yana iya samun littafin cikin wayarsa, ɗan mai hali da ɗan talaka duk ɗaya. Amma babbar gajiyar tana wurin izinin gyara. Malami na iya ɗaukar babi kan ilimin furuci, ya cire misalan Ingilishi, ya sa na Hausar Maraɗi ko ta Dogon Dutsi, darasin ya koma kan harshen da ɗalibi ya tashi da shi.

A nan ne kuma wahalar take. Mafi yawan waɗannan kaya da Ingilishi aka rubuta su, alhali ɗalibin Nijar da Faransanci ya yi karatunsa. Ko ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda ake samu a intanet, da Ingilishi yake fassara kalma. Abin da aka rubuta da Hausa a Najeriya ma sai an bi shi da gyara, domin inda Kano ke rubuta 'y, Nijar ƴ take rubutawa. Ƙaramin abu ne, amma ga mai koyon ƙa'idar rubutu yana iya zama silar faɗuwa jarrabawa. Kuma ba duk abin da aka sa a intanet ne aka halatta a taɓa ba. Cikin lasisin Creative Commons akwai mai alamar ND, wanda ya hana rarraba aikin da aka sauya, fassara kuwa sauyi ce. Malamin da bai duba ba sai ya ɓata watanni yana fassara abin da ba shi da ikon bai wa ɗalibansa.

Batun tsadar data da ɗaukewar wuta kowa ya san shi, ɗalibai ma sun samo dabara: ɗaya ya sauke, saura su karɓa ta WhatsApp.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda ke biyan kuɗin wannan kyauta. Tantance littafi, da fassara shi, da daidaita rubutunsa, aiki ne na dare da ranakun hutu, kuma malami ne ke yin sa. Wurin ƙarin girma kuwa, maƙalar da aka buga a mujallar bincike ita aka fi dubawa. Muddin jami'o'i ba su sa wannan aiki cikin abin da ake auna malami da shi ba, kaɗan ne za su ɗauke shi, ɗaliban Hausa kuma za su ci gaba da layi a ƙofar mai fotokofi da buɗaɗɗen littafin Ingilishi cikin wayoyinsu.