Kwanakin da Labarin Tela Ya Cije

Asabar

Azumi ya raba tsakiya, labarin yana nan inda na baro shi tun cikin Sha'aban. Babi na tara ne. Sabi'u, wani tela a Fagge, ya ɗauki shaddar wani Alhaji, yadi goma da aka kawo masa ɗinkin babbar riga, ya kai ta kasuwar Kwari ya sayar a ɓoye don ya biya kuɗin aikin da za a yi wa matarsa a asibiti. Har zuwa nan alƙalami gudu yake yi, ni ne ma ke bin sa a baya. Abin da ya rage shi ne Alhaji ya zo karɓar kayansa ranar jajibiri. To, a nan ya tsaya cak.

Na dakatar da turo wa masu karatu shafuka a WhatsApp, kamar yadda marubuta da yawa kan yi in azumi ya kama, na yi musu alkawarin ci gaba bayan sallah. Su suna ɗauka hutu nake yi. Ni kuwa kullum bayan asham sai na buɗe littafin rubutuna, in kawo Alhaji har bakin shago, ya yi sallama, Sabi'u ya amsa. Daga nan sai bakin Sabi'u ya mutu. Duk maganar da na sa masa, in na sake karantawa sai in ji wa'azi ne ko kukan fim, babu muryar mutumin da ya kwana a kan keke.

Lahadi

Na bi shawarar da ake yawan bayarwa, wato ka zauna bayan sallar asuba ka rubuta duk abin da ya zo maka, ko da shirme ne. Na rubuta zafin rana, na rubuta ƙurar layi, na rubuta kukan janareta. Shafuka sun cika, Sabi'u bai buɗe baki ba. Wannan shawara magani ce ga wanda kasala ta kama hannunsa. Hannuna lafiyarsa ƙalau.

Litinin

Da hantsi na taka daga Fagge, na bi ta ƙarƙashin gadar sama ta titin Murtala Muhammad har Bata, bakin kasuwar Sabon Gari. Nan ne cibiyar littattafan Hausa a zamanin da harkar take harka. Daga nan diloli ke ɗaukar kaya zuwa Katsina da Sakkwato da Zariya har Maraɗi. Yau wayar hannu ta janye mafi yawan masu karatu, gobarar da ta ci kasuwar a watan Maris na 2016 kuma ta durƙusar da 'yan kasuwa masu yawa. Duk da haka akwai sauran masu teburi da suka riƙe sana'ar.

Na zauna wurin wani dattijo da na saba sayen littafi a hannunsa tun ina sakandare. Da na gaya masa damuwata sai ya gyara zama ya ce, "Malam, ai a da marubuci ba shi da sukunin cijewa. Na ɗaya ya fito ya ƙare, mata suna aiko yara kullum ko na biyu ya iso, mai ɗab'i yana jiran kuɗinsa. Ina ka ga lokacin zaman tagumi?"

Akwai gaskiya a maganarsa. A farkon shekarun 1990, lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya mamaye gari, 'yan ƙungiyar Raina Kama, irin su shi Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa, da kuɗin aljihunsu suke buga littattafansu. A kasa labari kashi biyu ko uku, abin da na ɗaya ya kawo shi za a juya a buga na biyu. Kasuwa ce ke tura alƙalami. Sai dai na karanta littattafan wancan zamani da dama, na kuma san inda wannan matsin ke kai mutum: in labari ya cije, sai a kawo hatsarin mota, ko boka, ko wata wasiyya da ba a taɓa jin ɗuriyarta ba, a tsallake wurin. Ni ma zan iya kashe Alhaji a hanyar Zariya yau da daddare in huta. Raina bai ba ni ba. Babi takwas na yi ina jan mai karatu zuwa bakin shagon nan, bai kamata in rufe masa ƙofa ba.

Talata

Ban fita ba. Na koma kan tarihin Abubakar Imam, don in ga yadda na gaba suka yi.

A 1933, da Rupert East na Ofishin Fassara ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na shi Imam da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, sai da ya yi yawo gari-gari yana lallashin malamai su rubuta ƙagaggen labari. Da yawa suna ganin abin bai dace da mai ilimi ba, tatsuniya ai ta mata da yara ce. Ke nan tun ranar farko, marubucin Hausa da tunanin "me za a ce da ni" ya fara kokawa kafin ya kai ga takarda.

Abu na biyu ya fi shiga raina. A 1936 aka ɗauko Imam daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, yana da kimanin shekara 25, ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku cikin wata shida. Mutane kan ambaci wata shidan nan a matsayin baiwa kawai. Baiwa tana nan, babu musu. Amma an tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa da na wasu al'ummu, ya karanta, ya haɗa da abin da ya sani na fada da kasuwa da ƙauye, sannan ya zuba su a bakin Bahaushe. Mutumin yana da abin ɗiba. Sai na tambayi kaina, me na tara a kan tela? A Fagge na tashi, unguwar da ɗinki ya yi suna, amma iyakata da shago in kai yadi, a gwada ni, in dawo in karɓa.

Laraba

Zuwa da kai ya fi saƙo. Bayan asham na tafi shagon wani dattijon tela a layinmu, abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa. Na ce ina so in zauna in ga aiki. Ya ce, "Zauna mana, ɗana, amma ka janye ƙafarka daga kan kayan mutane."

Kekuna biyar ne a ɗaki ɗaya. An ɗauke wuta, janareta na ruri a waje. Kayan sallah jibge har rabin bango, kowane ƙunshi an rubuta sunan mai shi da awonsa a gefen ƙyalle. Baba ne kaɗai ke yanka. Ya shimfiɗa shadda a tebur, tef rataye a wuya, ya ja layi da alli, ya tsaya ya sake aunawa, sannan ya yi bisimilla ya sa almakashi. Na lura ba ya amsa maganar kowa in almakashi na hannunsa. Da ya gama ya ce mini kuskuren ɗinki ana farke shi, na yanka kuwa sai biya. Wani yaro yana kalmasa, wani yana sa maɓalli, ƙaraminsu yana guga yana gyangyaɗi, ana yi masa tsawa kada ya ƙona wuyan riga.

Can keken ɗaya daga cikin yaran ya cije. Yaron ya dinga taka shi da ƙarfi. Baba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kai, bar takawa za ka karya allura. Buɗe ƙasa ka duba kwarkwaro." Ya buɗe, ga zare ya cukurkuɗe. Na ji maganar har cikin raina, don takawa nake ta yi tun Sha'aban.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wani mutum ya shigo da fushinsa, yau sati nawa ana yi masa gobe-gobe. Na zuba ido, don wannan ne abin da ya kawo ni. Yaron da ke da aikin bai rantse ba, bai ɗaga murya ba. Ya miƙe da fara'a, ya ba shi kujera, ya tambayi iyali da ibada, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama, yana wurin masu aikin wuya, jibi in sha Allah." Mutumin ya yi 'yan faɗace-faɗacensa ya tafi. Bayan fitarsa na ga yaron ya jawo wani ƙunshi daga ƙasan tulin. Ko yankawa ba a yi ba. Baba ya harare shi, ya miƙa hannu ya karɓa ya shimfiɗa a tebur.

Na tambayi Baba ko ya taɓa jin telan da ya sayar da kayan mutane. Ya yi shiru, sannan ya ce ana yi, kuma mai yin ba ya ɗaukar kansa ɓarawo ranar da ya yi. Cewa yake yi aro ne, kafin sallah zai sayo irinta ya mayar. Sai ya je kasuwa ya tarar kalar ta ƙare, ko kuɗinta ya tashi. Har kusan sahur ina shagon.

Alhamis

Yau na gane inda zaren ya cukurkuɗe. Sabi'u ba zai faɗi ƙasa yana kuka yana neman gafara ba, yadda nake ta ƙoƙarin sa shi. Kujera zai ba Alhaji, ya tambayi iyali, ya ce riga tana wurin masu aikin wuya. Ƙaramar ƙarya ce irin wadda bakinsa ya saba da ita, sai dai wannan karon babu ƙunshi a ƙasan tuli. Labarin ya daɗe da nufar wannan wuri. Abin da ke riƙe hannuna shi ne ina son Sabi'u, masu karatu ma suna son sa, ga shi kuma ina zaune a tsakiyar teloli. Wani zai ce da wane nake. Wani zai ce na zubar da mutuncin sana'a. Wata za ta rubuto ta ce jarumi bai kamata ya yi ƙarya a watan azumi ba.

Wannan tsoro yana da tushe a garin nan. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an ƙona littattafan hikaya na Hausa a bainar jama'a, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. Ba na cewa duk abin da aka buga a lokacin mai tsabta ne, akwai na banza. Amma wanda ya ga wannan, ko ya ji labarinsa, yakan zauna rubutu da mai tacewa a cikin kansa, wanda ya fi na ofis tsanani, domin shi tun kafin a rubuta yake gogewa. Ina kyautata zaton cijewar da yawa daga cikinmu daga nan take, muna kiran ta rashin basira.

Na ɗauko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Ta nuna magidanci ɗan kasuwa da ya wulaƙanta matarsa Rabi da 'ya'yanta saboda sabuwar mace, ta nuna Rabi tana dafa abincin sayarwa don ta riƙe yaran. Ba ta rufa wa kowa asiri ba, alhali a cikin mutanen da take rubutawa a kansu take zaune, kuma mace ce, abin da za a ce da ita ya ninka nawa. Littafin ya rayu, har wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi a 2012. Ta san gidan da take ba da labarinsa ciki da bai, shi ya sa hannunta bai yi rawa ba.

Juma'a

Na dawo daga masallacin Juma'a na Fagge na zauna. Alhaji ya yi sallama, Sabi'u ya miƙe ya karkaɗe kujera da ƙyalle. Daga nan ban san tafiyar lokaci ba sai da na ji kiran la'asar. Ya yi ƙaryar, da fara'arsa. Alhaji ma, da nake ɗauka mugu ne, sai ya fito mutum mai kunya, har ya ƙara masa kuɗin zare ya ce a gaida mai jiki. Wannan alherin ne ya karya Sabi'u bayan fitarsa, ni kaina ban san zai zo ba. Ya zauna a kan keke ya kasa takawa.

Asabar

Gyara kawai. Na cire wani dogon sakin layi da nake bayyana wa mai karatu cewa Sabi'u mutumin kirki ne. Babi takwas sun isa shaida.

Lahadi

Na kai wa Baba babin na karanta masa a shago, yaran suna ji, kekuna suka yi ta raguwa har aka yi tsit. Da na gama babu wanda ya ce na ci mutuncin teloli. Gardama ce ta ɓarke a kan yadda Sabi'u zai fita: wani ya ce ya je Kwari ya roƙi bashin yadi goma, wani ya ce wa zai ba tela bashi ana jajibiri. Baba ya gyara mini abu ɗaya. Ya ce babu telan da zai ce "jibi" ranar jajibiri, "bayan isha'i" zai ce, don ya sayi 'yan awoyi. Na gyara a take, kuma wannan gyaran ya ba ni babi na goma gaba ɗaya, tunda yanzu Sabi'u yana da daga la'asar zuwa isha'i ne kawai.

'Yan'uwana marubuta, musamman ƙannena da ke turo shafi kullum a waya, in labari ya cije muku kada ku yi saurin jefa jarumi a gaban mota. Ku tafi inda irinsa yake neman abincinsa, Kwari ne ko Singa ko Wapa ko tashar mota, ku nemi izini ku zauna ku saurara har dare ya yi. Masu karatuna kuma, babi na tara zai iso muku kashegarin sallah in Allah ya kai mu.