Kaset ɗin Kawu da Makomar Raye-rayenmu

A hutun da ya wuce ne, muna kintsa kayan marigayi kawuna, Allah ya jiƙansa, na tarar da kaset ɗin bidiyo guda shida a ƙasan wata adaka. A jikin ɗaya an rubuta sunan garinmu, da kalmar "kalangu". Mahaifiyata ta ce ai rawar 'yan mata ce a dandali, daren bikin ƙanwarta, kuma ita ma tana ciki. Yau dandalin an gine shi, makaɗin kuwa ya daɗe da rasuwa.

Na sha yawo kafin na sami akwatin bidiyo mai aiki a wurin wani mai gyara. Muna saka kaset ɗin farko sai akwatin ya tauna zaren, muna ji muna gani. Daga baya na fahimci dalili. Shi zaren kaset leda ce da aka shafa wa garin maganaɗisu da wani irin danƙo. In ya sha danshin damina shekara da shekaru, sai danƙon ya saki, zaren ya manne, funfuna kuma ta hau shi.

Har ila yau akwai matsala ta biyu, watau rashin na'ura. Kamfanin JVC ya fito da kaset na VHS a 1976, kamfanin Funai na Japan kuwa, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera akwatinsa, ya daina a 2016. Saboda haka ko kaset ya tsira, abin kunna shi yana ƙarewa.

Sauran biyar ɗin an goge su, aka juye su cikin kwamfuta. Aiki ne na haƙuri, domin kaset na awa 3 sai ya ci awa 3 cur. Na ajiye kwafi uku a wurare dabam-dabam. Ranar da mahaifiyata ta ga kanta tana juyi a gaban makaɗi, sai ta shiga kiran sunayen ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina rubutawa. A nan na gane cewa hoto ba bayani rabin aiki ne.

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, waƙa tana zama a takarda, kiɗa yana zama a faifai, amma rawa a jiki take. Wa zai iya siffanta takun 'yan Koroso ko na 'yan tauri da alƙalami har wani ya koya? In kaset shida na gida ɗaya sun kai bakin halaka haka, ina ga abin da gidajen talabijin suka ɗauka tun zamanin bikin FESTAC na 1977?

Shawarata ita ce, sashenmu ya karɓi juye kaset da rubuta bayaninsa a matsayin aikin kundin digiri. Kowa ya koma gida ya buɗe adaka tun masu gane fuskokin suna raye, gama da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.