Sararin Samaniya a Aljihun Ɗan Kabu-kabu

A cikin 2014 an yi wani lokaci da mu 'yan fada ɗaya muke da sararin samaniya har iri uku. Namu na Maraɗi shi ne sabo, akwai duwatsu masu yawo a cikinsa waɗanda ake iya zuwa a cafko. Na Jiratawa yana baya da 'yan watanni. Na Tsibiri kuwa ya tsufa tukuf, ko sashen binciken kimiyya ba a sa masa ba, sai dai mutum ya haɗa roka ya harba don nishaɗi kawai. Duka ukun wasa ɗaya ne, Kerbal Space Program, bambancin kawai ranar da kowa ya samu wanda zai kwafa masa.

Wasan ya shigo mana ne a daminar 2013, ta hannun ɗan wan babana da ke karatu a Faransa. Shi ne mai katin banki. Mu nan ko da mun tara kuɗin, wanda ya haura jika goma, ba mu da hanyar tura su. Ya saya, ya zo hutu da shi a cikin wata tsohuwar kwamfuta ta hannu, ya tafi ya bar mana ita a unguwarmu ta Ali Ɗan Sofo. Abin da ya faɗa da zai tafi shi ne: "Ku sani fa ba a gama shi ba. Ana cikin ƙera shi ake sayarwa."

Wannan magana ita ta fi ɗaure wa Baba kai da ta kai kunnensa. Shi ɗan kasuwa ne, rayuwarsa duk tsakanin Maraɗi da Jibiya da Katsina ya yi ta, bai taɓa biyan kuɗin buhun da bai taɓa da hannunsa ba.

"Wato kuɗi aka biya, kuma kayan ba su cika ba?"

"Haka ne, Baba. Amma duk abin da suka ƙara daga baya kyauta ne."

"In kuma suka gudu fa?"

Ba ni da amsa a lokacin. Inna ce ta tsoma baki daga bakin murhu, ta ce ai shi ma gidan da muke ciki da ɗaki biyu muka tare, ga ƙarafunan bene can har yau suna kallon sama. Baba ya yi dariya ya bar zancen, amma tambayarsa ba ta wasa ba ce.

Masu wasan wani ƙaramin kamfani ne mai suna Squad a birnin Meziko, wanda asalinsa ma aikin talla yake yi. Wani ma'aikacinsu ɗan Brazil, Felipe Falanghe, shi ya kawo tunanin, daga ƙiriniyar da ya yi yana yaro ta ɗaure 'yan mutum-mutumi a jikin abin tartsatsin wuta yana harbawa. Sun fara sakin wasan a watan Yuni na 2011, sannan a Maris na 2013, da kasuwar wasanni ta Steam ta buɗe sashen sayar da wasannin da ba a kammala ba, yana cikin na farko da aka jera. Tsarin shi ne mai wasa ya biya da wuri, ya buga, ya faɗi abin da ya gani, su gyara. Mu dai rabin farko na yarjejeniyar muka samu. Ba mu taɓa aika wa kowa ra'ayinmu ba, duk a bakin butar shayi yake ƙarewa.

Wahalar farko ba ta da alaƙa da samaniya. Allon rubutun kwamfutar na Faransanci ne, wasan kuma an tsara shi a kan na Ingilishi, don haka maɓallan tuƙi duk sun watse: ka danna don roka ta sunkuya sai ta ƙi, ka nemi hagu sai ta mirgina. Sai da wani ɗalibin jami'ar Maraɗi da ke zama da mu ya nuna mana yadda ake juya harshen allon kafin a fara. Rubutun cikin wasan ma duk Ingilishi ne a lokacin, mu kuwa 'yan lakwal ɗin Faransanci ne. Wanda ya zama tafintanmu wani yaro ne da bai wuce aji shida ba, amma ya yi shekaru yana sayar da kayan waya a Kano.

Wasan kansa ga yadda yake. Akwai wata duniya mai suna Kerbin, ƙarama ƙwarai, daga tsakiyarta zuwa doronta kilomita 600 kacal. Mutanenta korra ne, masu ƙaton kai da idanu waje. Ana ba ka wani dogon zaure cike da tankunan mai, injuna, laimar sauka da ƙarafunan tokare, ka jera su yadda ka ga dama, ka sa mutum a sama, ka danna dogon maɓallin ƙasa. Abin da ya biyo baya lissafi ne ke yanke shi. A kusurwar allo ana ganin fuskokin matuƙa uku, Jebediah da Bill da Bob. Biyun suna ihu da zarar roka ta fara rawa, shi kuwa Jebediah baki har kunne ko da wuta ta kama bayansa. Nan take fada ta sa masa suna Ɗan Tauri, kuma har muka daina buga wasan ba wanda ya ƙara kiransa da sunan yanka.

Mun daɗe muna harbawa sama sak, muna mamakin yadda komai nisan da muka yi sai mun faɗo. Wanda ya warware mana wani malamin fizik ne na lise da ke biyowa ta fadarmu bayan isha'i. Ya tsaya ya kalli allon, hannunsa a baya.

"Ku kuna son hawa ne, ko kuna son zama can?"

"Zama, Mushe."

"To ba tsawo ake nema ba, gudu ake nema, kuma a kaikaice."

Ya karɓi tsinken ashana ya zana da'ira a ƙasa. Ya ce abin da ke kewaya duniya faɗowa yake yi kullum, sai dai gudunsa na gefe ya kai yadda kafin ya iso ƙasa, ƙasar ta lanƙwashe ta kauce masa. A Kerbin iska tana ƙarewa a kilomita 70, kuma ana buƙatar gudun kusan mita 2,300 cikin daƙiƙa. Tashar sama ta ƙasa da ƙasa da ke kewaya tamu duniyar, in ji shi, tana wajen kilomita 400 a sama, tana zagaye ɗaya cikin kimanin minti 90. Ya ce mu karkata gabas, domin duniya can take juyawa, za ta ba mu ɗan gudu kyauta. Shi ya sa Turawa suke harba nasu daga Kourou, kusa da layin da ya raba duniya biyu, ba daga Faransa ba. Daren nan muka wuce kilomita 70 a kwance, ƙarar iska ta ɗauke, wani kiɗa mai sanyi ya taso daga 'yar lasifikar. Mai zuba shayi ya bar na biyu ya ƙone.

Daga nan abin ya zama ciwo. Batirin kwamfutar ya riga ya mutu, don haka duk lokacin da aka ɗauke wuta, tafiyar ta mutu tare da ita. Maɓallin F5, wanda ke adana inda aka kai, shi ya fara goge fenti. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai mun ɗora ta kan bulo biyu, yaro ɗaya na yi mata fifita da kwali. In roka ta yi yawan sassa sai hoton ya riƙa tafiya da ɗingishi. Akwai kuma wani aljanin lissafi da masu wasan a duniya suka sa wa suna Kraken: kana tafiyarka lafiya sai jirgin ya hau karkarwa ya tarwatse ba dalili. Mu ba mu ɗauke shi abin fushi ba, tunda an gaya mana tun farko gini bai ƙare ba. Mukan ce iskokai sun karɓi rabonsu, mu danna F9, wanda ke mayar da mu inda muka adana.

Sabunta wasan shi ne babban aiki. Duk sabon zubi ɗaruruwan megabait ne, sai an kwana a sibar, wato shagon intanet, ana jira, in layi ya yanke a faro daga farko. In ya samu, sai a zuba a kile, 'yar ma'ajiyar da ake maƙala wa kwamfuta, a ba ɗan kabu-kabu ko wani mai zuwa cin kasuwa ya kai Tsibiri da Jiratawa. Wani lokaci kilen ya yi makonni a aljihun wani. Haka aka yi muka riƙa gardama a kan abubuwan da kowa ke da gaskiya a nasa allon. Da zubin Afrilu na 2014 ya zo, wanda aka yi da haɗin gwiwar hukumar NASA, mai manyan injuna da ƙugiyar kama duwatsu, na ba abokinmu na Tsibiri labari a waya. Ya ce in ji tsoron Allah in daina ƙarya. Sai da ya hau babur ya zo ya gani da idonsa.

Abokinmu na Jiratawa shi ne gwaninmu na gini, ko da yake shi ya fi mu ƙarancin lokaci. Yini yake a gonar zogale da albasa a filin noman rani, sai dare ya kunna tasa kwamfutar da batirin fanon hasken rana. Shi ya fara kawo mana dabarar jera tankuna a kewaye da na tsakiya, a haɗa su da bututu yadda duk injuna za su sha daga na waje tukuna, in sun ƙare a yar da su bibbiyu, na tsakiya yana nan cike. Daga baya muka ga ashe dabarar sananniya ce a wajen masu wasan, amma shi ba wanda ya koya masa. Mutum ne da ya san wace hanyar ruwa ake buɗewa kafin wace.

Watan Kerbin, wanda ake kira Mun, a azumin 2014 muka sauka kansa, ana tsakiyar gasar kofin duniya ta Brazil. Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi: in kana kewaya Kerbin, ka jira sai Mun ya leƙo daga bakin duniya, sannan ka buɗe wuta gaba. Sai muka naɗa ƙaramin cikinmu mai duban wata. Yana gani ya daka tsawa, "An ga wata!" har wani dattijo da ke dawowa daga asham ya tsaya yana tambaya wane gari. Saukar kuwa ba ta yi kyau ba. Ƙafa ɗaya ta karye, jirgin ya kwanta a gefensa, Ɗan Tauri ya fito ya kafa tuta yana murmushi, ba shi da hanyar komawa gida. Ceto shi ya ci mana sauran azumin da bayan salla.

A wajen ceton nan ne muka haɗu da abin da har yau nake ganin ya fi komai daraja a wasan. Jirgi biyu suna kewaye ɗaya, ɗaya na gaba, kana son ka cim masa. Hankali ya ce ka ƙara wuta. Kana ƙarawa sai ka hau sama, hanyarka ta ƙara tsawo, ya ƙara tsere maka. Sai ka taka birki ne, ka sauko ƙasa inda zagaye ya fi gajarta kuma ya fi sauri, sannan ka tarar da shi. Mushe ya ce kada mu ji kunya, domin a 1965 matuƙin Gemini 4, James McDivitt, ya yi ta ƙona mai yana bin wani sashen rokarsa kai tsaye, bai kama shi ba. A ganina duk shekarun da na yi ina haddace dokokin Kepler don jarrabawa ba su kai wannan dare ɗaya ba. Da aka ce a Nuwamba na 2014 Turawa sun sauke na'urar Philae a kan tauraro mai wutsiya bayan tafiyar shekara goma, a fadarmu ba wanda ya tambayi me ya sa ba su nufe shi kai tsaye ba.

Ranar 27 ga Afrilu 2015 aka ce an kammala wasan. Mu ya iso mana bayan an yi ruwan shuka. Da shi aka zo da matuƙiya mace ta farko, Valentina, takwarar Valentina Tereshkova ta Rasha da ta je sama a 1963, abin da ya sa ƙanwata ta fara neman a ba ta kujera. Amma da shi kuma aka gane cewa rabin gwanintarmu ta tsohuwar iska ce. A da iskar Kerbin kauri gare ta, ba ta damu da siffar roka ba. Ka miƙe sak har kilomita 10, ka karya kwana lokaci ɗaya, shi ke nan. Yanzu ka yi haka sai rokar ta wuntsila. A da kana iya faɗowa daga Mun da kowane irin gudu, wutar da ke lasar jirgin ado ce kawai. Yanzu ba garkuwar zafi, toka. Duk manyan jiragen da muke taƙama da su, masu faɗi kamar ba a san iska ba, suka zama tarkace a rana ɗaya.

Tambayar Baba kuwa ta samu amsarta a wani wuri. An sayar da wasan ga kamfanin Take-Two a 2017. An fitar da kashi na biyu a Fabrairu na 2023, shi ma tun ba a gama ba, a kan dala 50 ta Amurka, sannan a 2024 aka rufe ɗakin aikin da ke ƙera shi. Mu na farkon muka taka, kuma an cika mana alkawari har da ƙari.

Sai dai fada ta rabu biyu a kan cikawar. Abokinmu na Tsibiri ya buga zubin 2015, ya ƙona matuƙa uku a jere, ya goge shi ya koma zubin Disamba na 2014, ya ce shi a nan aka gama masa wasa. Na Jiratawa ya ce duk saukar da aka yi a tsohuwar iska ba ta shiga lissafi, dole a sake daga farko. Aka kai ƙara wajen Mushe. Ya ce zuwa Mun ya tabbata tunda can babu iska, amma duk wanda ke iƙirarin ya dawo gida da rai sai ya sake dawowa a gaban shaidu. Ni da ƙanwata muka fara layi, ita ta riga ni.